Tambaya da Amsa: Babbar Butar Shayi, Zaɓenta da Kula da Ita

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya. Duk ranar Juma'a bayan la'asar maigida yana karɓar masu ɗaukar karatu a zaure, mutum talatin zuwa arba'in, kuma da azumi mukan aika da shayi masallacin unguwa domin buɗa-baki. Butar da nake da ita mai lita 3 ce, sai na ɗora na sauke, na sake ɗorawa, kafin shayin ya ishi kowa. Na ga manyan butoci a kasuwar Sabon Gari, har da mai lita 20. Wacce ya kamata in saya, kuma tsakanin ta alminiyam da ta silba wacce ta fi? Daga wata uwargida, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri bisa wannan hidima, ya ƙara wa gidan albarka. Kafin ki taka zuwa kasuwa, bari mu fara da lissafi. Kofin shayi na gida yana ɗaukar kimanin rubu'in lita, wato lita ɗaya tana ba da kofi 4, saboda haka mutum 40 suna bukatar lita 10 idan kowa zai tsaya a kofi ɗaya. Sai dai adadin da ake rubutawa a jikin kwali sau da yawa na buta ce da aka cika ta maƙil har wuya, alhali ba a dafa ruwa a haka, domin da zarar ya fara tafasa zai riƙa tsartuwa ta bakin butar yana ɗaga murfi. Dole ki bar sarari kamar faɗin yatsu huɗu a sama. Ke nan butar da aka ce mai lita 10 ce, abin da za ki samu a aikace bai wuce lita 8 ba, kofi 32.

Wannan lissafin zai iya sa ki ga kamar mai lita 20 ce mafita, amma ni ban ba ki shawarar sayenta ba, kuma dalilaina biyu ne. Na farko nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka idan kika zuba lita 16 ko 17, kika haɗa da nauyin butar kanta, kin doshi nauyin jarkar 'yan garuwa, ga shi kuma tafasasshen ruwa ne da za ki ɗauka da hannu ɗaya, ki karkata shi a kan ƙaramin kofi. Irin wannan butar an yi ta ne domin wurin da za a girke ta a bar ta, shi ya sa masu kyau daga cikinsu suke da ɗan famfo a ƙasa. Na biyu kuma wuta. Kan murhun gas na gida bai da ƙarfin da zai yi wa ruwa mai yawa sauri, domin kusan rabin zafin da yake fitarwa yana bin iska ne ta gefen buta. Bisa lissafi, lita 10 tana ɗaukar kimanin minti 35 zuwa 50 kafin ta tafasa a kansa, tana cin gas kimanin giram 130 zuwa 150, wato tukunyar gas mai kilo 12.5 za ta yi miki irin wannan ɗori sau 80 da ɗoriya. Idan kika ninka ruwan, kin ninka jiran, sai baƙi su watse shayi bai sauka ba.

Abin da na fi gamsuwa da shi ga gida irin naku shi ne butoci biyu masu lita 6 ko 7, a ɗora su tare a kan kawunan murhu biyu, sannan a tanadi babban fulas. Ta haka ruwan zai tafasa cikin kusan rabin lokaci, kowace buta tana ɗaukuwa ba tare da ciwon kafaɗa ba, kuma a ranakun da babu taro kina da wadda za ki yi amfani da ita ba tare da ɓarnar gas ba. In kuwa kin fi son guda ɗaya, kada ki wuce mai lita 10 zuwa 12, kuma ki tabbatar kina da murhu mai gajerun ƙafafu da faffaɗan kai wanda ake ajiyewa a ƙasa. Ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura wa kan murhu a bisanta, ba wurin babbar buta ba ce ko kaɗan, domin tana da tsawo kuma gindinta ƙarami ne, ɗan ture kaɗan ya isa ya kifar da komai.

Game da ƙarfen kuwa, kowanne da halinsa. Alminiyam ba shi da nauyi, yana ɗaukar zafi da sauri ƙwarai, kuma ya fi araha, shi ya sa masu shayi da dama suka riƙe shi. Rauninsa shi ne yana loɓawa idan ya faɗi, kuma ba ya shiri da abu mai tsami ko mai kanwa, suna cin jikinsa suna sauya masa launi. Silba ta fi nauyi da tsada, amma ba ta sauya ɗanɗanon ruwa, kuma mai kyau takan yi shekaru tana aiki. Ki juya gindin butar ki duba ko an buga lamba 304 ko 18/8, wadda ke nufin ƙarfen yana ɗauke da kashi 18 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam da kashi 8 na nikel, su ne suke hana shi tsatsa. Wasu sukan gwada da mayen ƙarfe, suna cewa silba ta gaskiya ba ta kama shi. Gwajin yana taimakawa, amma kada ki dogara da shi kaɗai, domin akwai silba mai araha wadda ita ma ba ta kama mayen ƙarfe, akwai kuma buta mai inganci da aka yi wa gindinta shimfiɗar wani ƙarfe mai kamawa. Wadda nake roƙon ki guje wa ita ce butar da aka zuba daga narkakken tarkacen ƙarfe ba a san asalinsa ba, domin irin wannan tarkace yakan zo da gubar dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara a hankali ba tare da an lura ba. A nan araha ba ta ado.

Idan kin shiga shagon, kada kunya ta hana ki taɓa kaya. Ki ajiye butar a kan daɓe ki danna gefenta, in ta yi rawa gindinta bai daidaita ba. Ki ƙwanƙwasa gindin da yatsa, mai kauri ba ya kuka kamar gwangwani. Ki riƙe mariƙin ki girgiza, ki duba ko da ƙusoshi masu kauri aka kafe shi ko kuwa ɗan ɗigon walda ne kawai, domin nan ne babbar buta take fara mutuwa. Ki karkata ta kamar mai zuba shayi ki ga ko murfin zai zame, kuma ki fifita wadda take da ƙaramin mariƙi na biyu a baya, wanda hannun hagu zai tallafa da shi. Ki zura hannunki ciki, in bai shiga ba to wankinta zai zame miki aiki. Daga ƙarshe ki roƙi mai shago ya zuba ruwa a ciki, ki sa ido a mahaɗar baki da jikin butar na ɗan lokaci. Mai kaya na gari ba ya ƙin wannan.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mai shayi ne a Samaru, kusa da jami'a. Da ruwan burtsatse nake aiki, kuma cikin butata ya yi wani farin ɓawo mai tauri, har yana ɓarewa yana faɗawa cikin kofi. Wani ya ce mini guba ce. Gaskiya ne? Daga wani mai shayi, Samaru.

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka kwantar da hankalinka, ba guba ba ce. Ruwan da ya ratso ƙasa da duwatsu yana ɗauko sinadaran kalsiyam da maganiziyam a narke, wani wuri da yawa wani wuri kaɗan, kuma idan aka tafasa shi sai su rabu da ruwan su manne a jikin ƙarfe. Illarsa ga aljihunka ce: ɓawon yana tare zafi tsakanin wuta da ruwa, sai ka ga butar da take tafasa da wuri ta koma jan jiki, gawayi ko gas yana ƙarewa a banza, ga kuma mai saye da zai ga fari-fari a kofinsa ya ɗauka ƙazanta ce.

Maganinsa tsami. Ka zuba ruwan khal da ruwa daidai wa daida har su rufe ɓawon, ko ka matse lemon tsami mai yawa a cikin ruwan, ka ɗora ya tafasa, ka sauke ka bar shi kamar awa ɗaya, sannan ka goge da soso mai laushi. Ka ɗauraye sosai, ka tafasa ruwa zalla sau ɗaya ka zubar kafin ka koma aiki. Idan butar ta alminiyam ce, kada tsamin ya kwana a ciki. Kada kuma ka kankare da wuƙa ko cokali, domin kana raunata gindin ne, kuma a wurin da ya karce nan sabon ɓawo yake fara kamawa. Abin da ya fi rage taruwarsa shi ne juye ragowar ruwa idan ka tashi daga tebur, ka kife butar ta bushe, maimakon ka riƙa ƙara sabon ruwa a kan na jiya.

Tun da sana'arka ce, bari in ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Babbar buta ta ruwan zafi ce, ganyen shayi kuma a ƙaramar buta ya kamata ya jiƙa. Baƙin shayi, ko na waje ne ko namu na tsaunin Mambila a jihar Taraba, minti 3 zuwa 5 ya ishe shi, in ya wuce haka yana kan wuta sai ɗaci da bauri su rinjayi ƙamshi, har ka ga ana ƙara sukari domin a rufe su. Citta da kanumfari da masoro su ne suke jure doguwar dahuwa. Madara kuwa kada ta shiga babbar buta sam, tana kamawa a gindi tana maƙalewa a cikin baki inda soso ba ya kaiwa. Kuma ruwa idan ya tafasa sosai na minti ɗaya ya isa a sha, sauran duk ƙona makamashi ne, sai ka rage wuta.

Tambaya: Lokacin hunturu nakan shigar da kurfoti ɗaki da dare, in ɗora babbar buta, mu sami ɗumi kuma mu wayi gari da ruwan alwala. Jikokina suna kwana tare da ni. Ɗana ya hana ni, ni kuma ban ga laifin abin ba. Daga wata dattijuwa, Ƙofar Doka.

Amsa: Inna, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, amma a wannan magana ina bayan ɗanki. Sanyin Zariya a watannin Disamba da Janairu ba abin wasa ba ne, na san da haka, sai dai garwashin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga tana taruwa ta hana jini ɗaukar iskar da jiki yake rayuwa da ita. Mai barci ba ya jin shigarta, wanda ya farka kuma yakan tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Ja-jawur ɗin garwashin da ba ya hayaƙi shi ma yana fitar da ita. Ga kuma butar kanta a ƙasa cikin duhu, inda yaro zai iya tuntuɓe da ita idan ya tashi fitsari.

Ki sa a tafasa ruwan a tsakar gida tun da magariba, a juye a fulas, zai kai asuba da zafinsa, a surka da na sanyi a yi alwala. A duk inda aka ɗora buta, a juya bakinta ya kalli bango, kuma kada mai goyo ta ɗauke ta, kada a aiki yaro da ita. Idan tsautsayi ya gifta ruwan zafi ya zubo wa wani, a cire tufafin da ya jiƙe matuƙar bai manne da fata ba, a riƙa kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai ko manja, kada a fasa ƙurajen da suka taso. A rufe da tsumma mai tsabta. In ƙunar ta fi faɗin tafin hannun wanda ya ƙone, ko ta taɓa fuska ko hannu ko al'aura, ko kuma ƙaramin yaro ne, a wuce asibiti mafi kusa nan take, su ne za su duba ko sai an tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.