Kwamfutocin VirtualBox sun ƙi ganin juna a kan Wi-Fi

Tambaya: Malam, ɗalibi ne ni a Kumasi, ina koyon aikin saba. Laptop ɗina ba ta da ramin kebul, da Wi-Fi kaɗai nake shiga intanet. Na ɗora Ubuntu guda biyu a VirtualBox, manhajar da ke ba mutum damar kunna wasu kwamfutoci a cikin kwamfutarsa. Kowacce tana shiga intanet, amma ba sa ganin juna, kuma lambarsu ta IP, wato adireshinsu a network, ɗaya ce, 10.0.2.15. Na koma Bridged, a gidanmu a Aboabo ya yi aiki, a hostel ya ƙi. Ina matsalar take?

Amsa: Ƙanena, laptop ɗinka lafiyarta ƙalau. Wannan 10.0.2.15 da ka gani sau biyu aikin NAT ne, wato tsarin da na'urorin ke fita intanet ta bayan laptop ɗinka. VirtualBox yana kulle kowace na'ura a ɗakinta, ya ba ta lambar nan, ya buɗe mata ƙofa guda ta 10.0.2.2 zuwa waje. Ɗakunan ba su da taga a tsakaninsu.

Shi kuwa Bridged, tsarin da ke haɗa na'urar da rauta kai tsaye kamar kwamfuta mai zaman kanta, da kebul ya fi jituwa. A Wi-Fi, rauta ba ta sauraron kowa sai katin sadarwar da ya yi rajista da ita, da lambar shaidarsa da ake kira MAC. Saƙon da ya zo da baƙuwar MAC zubar da shi take yi. Don haka VirtualBox yakan yi wayo, ya cire MAC ɗin Ubuntu ya liƙa na laptop kafin saƙon ya fita. Rautar gida takan kau da kai. Ta hostel, mai shafin shigar da kalmar sirri, sau da yawa ba ta ba kati ɗaya lambar IP biyu, wata ma hana masu amfani da ita ganin juna take yi da gangan. Ni dai na daina wahalar da kaina da Bridged a kan Wi-Fi.

Ka kashe na'urorin biyu, ka shiga Settings, sai Network. Adapter 1 ka bar shi a NAT, shi ne na intanet. Adapter 2 ka kunna shi ka zaɓi Host-only, wato network na cikin gida tsakanin laptop da na'urorin kaɗai. Yanzu kowacce za ta sami lamba mai farawa da 192.168.56, laptop ɗin kanta kuma ita ce 192.168.56.1. A nan za su yi ping (gwajin ganin juna) da SSH (shiga wata na'ura daga nesa) a tsakaninsu, ko dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya kashe rauta, muddin batirinka na da caji.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne Ubuntu Server. Ka buga ip a, za ka ga kati na biyu, galibi enp0s8, zaune babu lamba. Buɗe fayil ɗin da ke cikin /etc/netplan, ka ƙara sunan katin da dhcp4: true a ƙarƙashinsa, ka kula da tazarar layukan domin YAML, tsarin rubutun fayil ɗin, ba ya yafe kuskuren tazara, sannan sudo netplan apply.

In kuwa kwafar ta farko ka yi ka samar da ta biyu, duba MAC ɗinsu a Advanced. In iri ɗaya ne, danna ɗan maɓallin da ke gefensa ya ba ɗaya sabo.