Amsa: Abin gani da ji a Maraɗi lokacin babban hutu

Malam, ka tambaya ko akwai abin fasaha da al'ada da yaranka za su gani a Maraɗi a wannan hutun damina. Akwai, kuma shawarata ita ce ku fara da ƙofar fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, domin amon tambari da kakaki da algaita, idan an ji shi a gaban masu busa da kiɗa, ya sha bamban da abin da wayar salula take kawowa. A nan ne za ka iya ba su labarin yadda sarakunan Katsina suka kafu a wannan wuri bayan jihadi, da yadda ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa gari ya tashi daga kwari ya koma kan tudu. Tibirin Gobir ma, inda fadar Sarkin Gobir take, tana kusa.

Abin da ya fi burge ni, duk da haka, shi ne zama wurin dukawa. Ku tsaya ku ga yadda ake yanka jar fatar akuya, a ɗinke ta da zane, har ta zama jaka ko takalmi, kuma ku tambayi sunan kowane zane, domin dattawan sana'ar suna jin daɗin wanda ya tambaya. Idan hanya ta yi kyau bayan ruwa, ku ƙarasa tabkin Madarunfa da safe.