Ga ƙanina mai son shiga dillancin gidaje ba tare da jari ba

Assalamu alaikum. Ƙanina, ka ce ka gama makaranta, ba ka da jari, kana son shiga harkar gidaje da filaye, kuma wani babban dillali ya ce ka zo ka zauna a ƙarƙashinsa, in an yi ciniki zai riƙa ba ka wani abu. Kana tambaya ko ka je. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don haka aka ce da ni.

Ka je, ban hana ka ba, ba a koyon wannan sana'a daga ɗaka. Amma tun kafin ka fara yi masa yawo, ku zauna ku yanke magana: in kai ka kawo mai saye, kashi nawa ne naka cikin la'ada? In kai ka samo gidan fa? A rubuta, ku sa hannu gaban shaidu. In ya nuna ɓacin rai don ka nemi takarda, to ka ga halinsa tun da wuri.

Ni nawa ubangidan, Allah ya isa tsakanina da shi. Akwai wani gidan gado da na sha wahalarsa wata da watanni. Magadan ba sa ga maciji da juna, ni ne mai zarya, in lallashi wannan, in je in roƙi wancan, har Allah ya sa suka yarda a sayar. Ni kuma na samo mai saye, na kai shi ya gani, ya koma da iyalinsa suka gani, duk da kuɗin motata. Da aka zo yanke farashi sai ubangidan nawa ya ce in bar masa, wai manya ba sa gama ciniki da yaro, ya karɓi lambar mutumin. Daga nan shiru. In na tambaya sai ya ce ana kan magana. Mai sayen da muke waya kullum ya daina ɗauka. Rannan na bi ta layin sai na tarar da masu fenti a ƙofar gidan, na tambaye su suka ce ai sabon mai gida ne ya sa su aiki. Ƙafafuna suka kasa ɗaukata. Na je na sami ubangidan nawa cikin mutane, ko kunya bai ji ba, ya ce, "To kai me ka yi? Nuna gida ne aiki?" Ya zaro kuɗin mota ya miƙo mini, mutanen wurin kowa ya sunkuyar da kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai, na riga na gaya wa mahaifiyata cewa an kusa, tana ta yi mini addu'a. Na rasa bakin da zan gaya mata. Har yau in mun haɗu sai ya miƙo hannu yana murmushi kamar ba abin da ya faru, kuma na ji yana da wasu yaran a hannunsa yanzu.

Kar ka saki abin da kake ci da shi yanzu, ko yaya ƙanƙantarsa. La'ada ba albashi ba ce, sai an biya kuɗi an miƙa takardu take fitowa, kuma ciniki na iya rushewa ranar ƙarshe. Dillali mai jin yunwa shi ne yake ɓoye aibin gida don a saya. Ka fara da gidajen haya. La'adar ba yawa amma tana zuwa da sauri, za ka san unguwanni, ka san inda ruwa ke kwanciya da damina, kuma ɗan hayan da ka riƙe da gaskiya yau, shi zai neme ka ranar da zai sayi nasa.

Takardu kuwa, don Allah ka koye su kamar karatu. Kar ka tsaya kan takardar da mai sayarwa ya nuna maka, a je ofishin rajistar filaye a duba sunan wa ke kai, kuma ko an jinginar da gidan a banki. In fili ne, a kawo safiyo ya auna ya tabbatar da iyaka, don fili ɗaya ana sayar wa mutum biyu. In gado ne, kowane magaji ya sa hannu, ko wakilin da suka naɗa a rubuce. Ranar da rigima ta tashi, mai sayarwa ya ɓace, kai da ka haɗa su za a riƙe. Kuɗin ciniki kada ya kwana a asusunka, kuma kar ka ɗora wani abu a kan farashin mai gida a ɓoye, wata rana za su haɗu su yi hira.

Masu cewa gida ba ya faɗuwa, ban san inda suka samo wannan ba. A Amurka farashin gidaje ya rushe, abin da ya jawo rikicin kuɗi na 2008, mutane da yawa bashin da ke kansu ya fi darajar gidan. A Japan ma filaye sun yi shekaru suna sauka bayan 1991. Kada ka yi wa kowa alkawarin riba. In mai saye don haya yake so, yi masa lissafi a fili: in hayar shekara kashi 5 ce cikin 100 na kuɗin gidan, sai ya shekara 20 kafin ya mayar da kuɗinsa, ban da gyara da watannin da gidan zai zauna ba kowa.

Ka bincika dokar inda kake. A wasu ƙasashen ba ka da ikon karɓar la'ada sai da lasisi, a Amurka sai ka yi kwas ka ci jarrabawar jiharka. Su kuma masu tallar kwas a Facebook da hoton manyan motoci, wai za ka zama miloniya cikin wata uku, ka riƙe kuɗinka. Kuma kar ka sa hoton gidan da ƙafarka ba ta taka ba.

Na manta, in za ka nuna wa baƙon fuska kango ko gidan da ba kowa, kar ka tafi kai kaɗai, ka gaya wa wani a gida inda za ka, kuma ku je da rana. Allah ya haɗa ka da ubangida mai tsoronsa.