Tambaya da Amsa: Shekara bakwai ina foman a Jidda, ta ina zan bi in zama mudirin aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni ɗan Katsina ne, shekarata bakwai a Jidda ina aiki da wani kamfanin gine-gine, foman ne ni, ni ke raba aiki da safe, ni ke karɓar rodi da siminti, ni ke tsayawa in an zo zuba kankare, amma duk sanda aka tashi ɗaukar mudir mashru'i, wato shugaban aikin gaba ɗaya, sai a kawo wani daga waje kuma ni zan zagaya da shi in nuna masa filin. Difloma gareni ta gini, ba digiri. Abokai na cewa in yi PMP kawai ƙofa za ta buɗe. Gaskiya ne? Daga ƙaninku a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, wallahi na ji zafin maganar nan taka don na ga irinta da yawa. PMP ɗin da suke faɗa maka takardar shaidar ƙwarewa ce a kula da ayyuka, mai daraja, cibiyar PMI ta Amurka ke bayar da ita, kuma a nan Saudiyya kamfanoni da yawa na rubuta ta cikin sharuɗɗan ɗaukar aiki. Rashin digiri bai hana ka ba, mai digiri ana neman wata 36 yana jagorantar aiki, wanda ba shi da digiri wata 60, sannan kowa sai ya kawo awa 35 na horo kafin ya zauna jarrabawa mai tambaya 180. Toh ka ga shekara bakwai ɗinka ta isa, in dai za ka iya nuna ta a rubuce. Nan ne fa gizo ke saƙar.

Fom ɗinsu zai tambaye ka wane aiki ka jagoranta, yaushe aka fara yaushe aka gama, me ka yi da hannunka, kuma wani lokaci su kan zaɓi mutum su ce wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya tabbatar. Yawancin mutanenmu a nan suke tsayawa, sun yi aikin tsakani da Allah amma babu takarda ko ɗaya da sunansu a kai, komai a ka yake da kuma muryar WhatsApp.

Ni kaina abin ya taɓa cina a Riyad. Muna gab da gama wani bene, istishari, wato injiniyan da ke duba aiki a madadin mai gini, ya zo da yamma ya tsaya bakin matakala ya nuna bango da makullin motarsa ya ce a matsar da shi rabin mita, na ce sai mun samu a rubuce ya ce khalas, wato shi ke nan, ku yi kawai zan aiko. Muka rushe, muka sake ɗora bulo, mai wuta ya sake jan waya, sati biyu suka tafi. Ranar da muka kai mustakhlas, wato takardar neman biya, don a biya mu ƙarin aikin aka ce ina takardar umarni, babu, mutumin ma an riga an mayar da shi wani aikin. Kamfani ya ɗauki asarar, ni kuma tun ranar na sayi littafi mai baƙin bango, kullum kafin magariba sai na rubuta mutum nawa suka fito, me ya iso, me bai iso ba, wa ya ce a canza me da ƙarfe nawa, in ɗauki hoto in tura imel mai layi uku in ce kamar yadda ka umarta yau. Littafin nan shi na ajiye a kan tebur ranar intabiyun da aka fara ba ni aiki nawa na kaina. Ka fara naka gobe, kar ka jira satifiket.

Sai jadawali. Bambancin foman da mudir shi ne foman ya san aikin yau, mudir kuma ya san wane aiki ne in ya makara kwana ɗaya ranar miƙa makulli ma ta makara kwana ɗaya. Fentin katanga zai iya jira, amma lif da aka yi odarsa daga waje ko dakin bene da sai kankarensa ya yi ƙarfi kafin a ɗora wani abu a kai, waɗannan ba sa jira, su ne ƙashin bayan jadawalin. Kuma kai kana da ilimin da baƙon da ake kawowa ba shi da shi, ka san daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba doka ta hana aiki a rana daga 12 zuwa 3, ka san da azumi awa shida ake yi, ka san yadda komai ke lafawa in Hajji ya matso, duk wanda ya zana jadawali bai sa waɗannan ba ya zana mafarki ne. Ka fara da Excel, sannan ka koyi manhajar tsara jadawali ta Primavera P6 don ita manyan 'yan kwangila ke amfani da ita, ka je wajen mai tsara jadawalin kamfaninku ka ce ya yarda kai za ka riƙa kawo masa rahoton mako.

Akwai maganar da ba zan ɓoye maka ba, ita ce ta iƙama, wato katin izinin zama. Duba sana'ar da aka rubuta maka, in ta leburanci ce to ko ka ci PMP ba za a iya naɗa ka a takarda ba sai an gyara ta, kuma sana'o'in injiniya da na fasaha na buƙatar rajista da Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya. Sannan a ƙarshen 2023 aka fara da keɓe wa 'yan ƙasa kashi 35 cikin 100 na kujerun kula da ayyuka, saboda haka kujerar mudir ta ƙara tsada ga baƙo. Shi ya sa nake ganin ka fara hararo kujerar mai tsara jadawali ko mataimaki, daga can ake hawa. Aiki kam akwai shi, ga baje kolin duniya na Riyad a 2030 ga gasar kofin duniya a 2034, gini ba zai tsaya nan kusa ba. Ka ƙara gyara Turancinka na rubutu da Larabcin ofis, na kasuwar Bab Makka ba zai rubuta maka wasiƙa ba.

TAMBAYA: Malam ni mace ce a Makka, duk shekara ni ke tsara girkin alhazai a ƙarƙashin wani kamfani mai lasisi, tun daga cefane har rabo. Wannan ma ana ƙirga shi cikin irin aikin da kuke magana? Daga 'yar'uwarku.

AMSA: Ƙwarai kuwa Hajiya, duk abin da ke da ranar farawa da ranar gamawa da kuɗin da aka ware masa ya shiga, naki ma ya fi na magina tsanani don ranar Arfa ba a ɗaga ta. Ki riƙa ajiye lissafin kowace shekara, kwano nawa aka raba, buhun shinkafa nawa ya tafi, mota ta makara minti nawa a hanyar Mina kuma me ya jawo, ki kuma nemi kamfanin ya ba ki shahadar aiki da sunan muƙaminki bayan kowane Hajji. In kina son takarda ki fara da CAPM, ita ma ta PMI ce, ta masu farawa, awa 23 na horo take nema kuma ba ta sharɗanta shekarun aiki ba. Ki yi karatun tsakanin Muharram da Rajab kafin hidimar azumi ta taso.