Dasa reshen jeraniyam a gida: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi sun taru a kan jeraniyam, furen nan mai zagayayyen ganye da jajaye ko fararen furanni a dunƙule, wanda masu fulawa ke jerawa a bakin titi. Masana tsirrai suna kiransa Pelargonium, kuma asalinsa daga Afirka ta Kudu yake, yankin da ƙasa ba ta riƙe ruwa. Wanda ya san haka ya riga ya samu rabin amsar.

Wata Hajiya daga Kano ta ce ta yanko rassa daga tukunyar maƙwabciyarta, ta dasa, tana ba su ruwa safe da yamma, har ta kife musu leda don kada su bushe. Kafin mako ya zagayo gindinsu ya yi baƙi, duk suka ruɓe.

Hajiya, ruwan ne ya kashe su, ledar kuma ta taimaka. Karan jeraniyam yana ajiye ruwa a cikinsa, reshen da aka yanka kuwa ba shi da saiwar da zai sha wanda kike zuba masa. Sai ya zauna cikin danshi, wata ƙwayar cuta mai suna Pythium da ke son jiƙaƙƙiyar ƙasa ta shiga ta wurin yankan. Baƙin da kika gani yana hawa daga gindi aikinta ne. Reshen da ya kamu ba ya warkewa. Ki tuge shi, ki zubar har da ƙasar, ki wanke tukunyar kafin ki sake amfani da ita.

In za ki sake gwadawa, ki nemi uwar shuka mai lafiya, ki zaɓi reshen da bai tsufa ya zama itace ba, bai kuma yi laushin sabon toho ba. Ki sa sabuwar reza ki yanko santimita 8 zuwa 10 daga sama, wato kamar tsawon yatsanki. Ki duba karan da kyau: akwai gaɓa inda kowane ganye ya fito, ki yanke daidai ƙarƙashin gaɓar, domin nan saiwa ta fi saurin fitowa. Ki cire ganyen ƙasa, ki bar biyu ko uku a kai. A gindin kowane ganye akwai wasu 'yan ƙananan kunnuwa manne da kara, su ma ki tsince su, don su ne ke fara ruɓewa a cikin ƙasa. In akwai fure ko ƙullin fure, ki cire, ko da kina ganin asara ce. Reshen ba zai iya ciyar da fure ya kuma yi saiwa a lokaci guda ba.

Sai ki ajiye rassan a inuwa na wasu awoyi, bakin yankan ya ƙame. Mutane da yawa suna tsallake wannan saboda ɗoki, kuma a ganina shi ne matakin da ya fi ceton rassa. Ƙasar dashen ta zama rabi yashin rafi mai kauri, rabi ƙasa mai laushi wadda ba laka ba, kuma ban da ɗanyen kashin kaji ko na shanu. Tukunya ƙarama ta isa, ko gwangwanin da aka huda gindinsa sosai. Ki yi rami da tsinke, ki sa reshen ya nutse kamar santimita 2 zuwa 3, ki danna ƙasar ta kama shi. Ruwa sau ɗaya ranar dashe, daga nan sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe. Ki ajiye inda haske ke isa amma rana ba ta duka, iska kuma tana wucewa. Cikin mako 3 zuwa 4, in kin ɗan ja reshen kin ji ya riƙe, ko kin ga sabon ganye a kai, to saiwa ta fito.

Wani malami daga Zariya ya tambayi wane lokaci ya fi dacewa, tunda ya saba duk dashe da damina ake yi.

Malam, a nan jeraniyam ya sha bamban da itacen rogo da muke cusawa da faɗuwar ruwa. Ya fi yin saiwa in zafi yana tsakanin digiri 18 zuwa 24. A Kano, Zariya, Katsina da Maraɗi, wannan yana nufin hunturu, daga Nuwamba zuwa Janairu. Ka dai kare rassan daga busasshiyar iskar da ke kaɗawa, ka sa su a jikin bango. Bazara kuwa, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, ko babbar shuka tsayawa take yi da girma, ganyenta ya yi rawaya, balle reshe marar saiwa. Agusta kuma ruwa ya yi yawa. In dole sai da damina, to a ƙarƙashin rumfa, inda ruwan sama ba ya taɓa tukunyar. Mutanen Jos da tsaunin Mambila suna da sauƙi, sanyin wurin ya ba su damar dasawa kusan duk shekara, muddin sun kiyaye ruwan damina.

Wata ɗaliba ta ce ta ga ana sa reshe a kofin ruwa, ko ya yi? Ƙanwata, yana yi, amma ki sa ruwa kaɗan, ki riƙa canjawa bayan kwana biyu, kada ganye ya taɓa shi. Saiwar da ta fito a ruwa ba ta da ƙwari, don haka da ta kai kamar santimita 2 ki mayar da shi ƙasa a hankali. Ni dai na fi son yashi.

Akwai wanda ya tambayi hodar fitar da saiwa da ake sayarwa. Ba ka buƙatarta, ɗan'uwa, jeraniyam yana yin saiwa da kansa. Abin da ya fi ta amfani shi ne tsabtar reza. Ka goge ta da sifirit kafin ka koma kan wata uwar, domin akwai cutar bakteriya da ke sa ganye ɗigo-ɗigo da yaushi, kuma ta bakin wuƙa take bi daga shuka zuwa shuka. Uwar da ka ga tana yaushi alhali ƙasarta da danshi, kada ka ɗauki reshe daga gare ta.

Tambaya ta ƙarshe daga wani magidanci ce da aka sayar wa jeraniyam mai ƙanshin lemon tsami, aka ce masa yana korar sauro. Alhaji, ƙanshin gaskiya ne, kuma daga wani danginsa mai ƙanshin wardi ake tatsar man turare a ƙasashe irin su Masar. Reshensa ma yana kamawa ta hanyar da na bayyana. Amma tukunya a bakin taga ba ta hana sauro shiga ɗaki, don haka kada yara su kwana ba gidan sauro.