Amsar Baffa kan hoton turkuɗi

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso. Kin ce malaminku a Jami'ar Ahmadu Bello ya ba ku aikin hoto a kan haske da taɓawa, kin zaɓi turkuɗi, rinannen zanen nan mai sheƙi, kina tambaya ko al'ada ta yarda mace ta je karofi ta taɓa kaya ta ɗauki hoto. Ta yarda, amma akwai yadda ake yi.

Fara sanin abin da za ki ɗauka. Wannan sheƙin da kike gani a rawanin Buzaye ba daga cikin ramin rini yake fitowa ba. Rami launi kawai yake bayarwa: baba ne da toka ake jiƙawa a bar su kwanaki su nuna, a tsoma zane, a ɗaga ya sha iska, a mayar. In kin lura, zanen kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonki, wannan ma abin ɗauka ne. Sheƙi kuwa aikin masu bugu ne. Su ke shafa garin shuni, su ninke zanen a kan gungumen itace, su yi ta dukansa da guduma ta itace har zaren ya kwanta ya yi santsi. Hannu ne ya haifi hasken. Saboda haka in kin tsaya a karofin Ƙofar Mata ta Kano kaɗai, inda ake cewa ramukan sun faro tun 1498, rabin aikin kika gani. Ki daure ki je Kura, garin da turkuɗinsa ya yi suna har Agadas. Ko Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya ga yadda rinannen kayanmu ke ƙetare Sahara.

To batun ladabi. In kin isa, kyamara ta zauna a jaka tukuna. Yi sallama, ki nemi babbansu, ki gaya masa ke ɗaliba ce, ga abin da za a yi da hoton. Ki riƙe ɗan abin goro, kada ki jira a tambaya. Mutanen nan sun gaji da baƙin da ke zuwa su ƙyasta su wuce kamar sun zo gidan zoo, ni kuma ina ganin gaskiyarsu.

Taɓawa ita ce inda yaran yanzu ke kuskure. Zanen da aka gama bugu yana da mai shi, kuma gumin yatsa na dusashe sheƙinsa. Kada ki kai hannu sai an miƙo miki, ki karɓa da dama. Mafi kyau ki sayi ɗan ƙyalle naki, ki murza yadda kike so. Za ki ga shunin ya kama fatarki, yadda yake kama goshin Buzu, kuma su ba sa ɗaukar wannan aibi, ado ne.

Matan da ke ɗaure zane a cikin gida kafin a kai rini, ke kina da damar shiga wurinsu, abin da ɗalibi namiji ba shi da ita. Amma fuskar matar aure ba a ɗauka sai ita da maigidanta sun amince. Hannayensu da zaren ma sun ishe ki.

Haske kuwa, bar fitilar kyamara a kashe, tana sa turkuɗi ya fito kamar leda. Je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da rana ke dukan zane ta gefe, ki sa a ɗan juya shi har jan da ke ɓoye cikin baƙin ya bayyana.

In kin wanke hotunan, ki kai musu nasu da hannunki. Ki gaida mahaifiyarki, ki ce mata ina nan tafe bayan sallah.