Amsa ga mai tambaya kan taswirar Idrisi da ta kifa duniya

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka ci karo da hoton taswirar Idrisi, malamin labarin ƙasa na ƙarni na 12, ka ga Afirka a sama, Turai a ƙasa, ga kuma wani kogi ya taso daga mafarin Nilu ya miƙe yamma har teku. Shi ne kake tambaya ko mutanen da ba su san abin da suke yi ba ne, kuma ko mai son tarihi zai iya dogara da irin waɗannan taswirori. Na yi dariya da na karanta, amma kaina nake yi wa. Shekara goma sha wani abu da suka wuce na buga wannan taswirar a babbar takarda, na juya ta arewa ta koma sama, na manna a bango, ina ganin na gyara wa malamin kuskurensa. Sai da na matso zan karanta sunayen garuruwa na ga rubutun gaba ɗaya ya kife. Ashe ni ne a kife.

Maganar kudu a sama ba ta da wani tsawo. Al'ada ce kawai. Yawancin malaman Musulmi masu zana taswira a zamanin Idrisi haka suke yi, Kiristocin Turai na wancan zamani kuma gabas suke sawa a sama. Har wajen 1450 Fra Mauro, wani malamin coci a Banis ta Italiya, kudu ya sa a saman tasa. Arewa a sama daga baya ta kafu, muka tashi muka tarar da ita, muka ɗauka haka Allah ya halicci takarda.

Kogin shi ne abin tsayawa a kai, domin a nan na koyi yadda ake karanta tsohuwar taswira. Idrisi mutumin Sabta ne, a gaɓar Maroko. Sarki Roja na Biyu na tsibirin Sisili ya kira shi fadarsa a Falarmo, ya yi kusan shekara 15 yana aikin, ya kammala a 1154, littafin da ake kira Nuzhatul Mushtaƙ. Ya raba duniyar da aka sani gida bakwai daga kudu zuwa arewa, kowane gida ya yanka shi kashi goma, ya zama taswira 70, kowacce da bayaninta a rubuce. Wannan babban hoton da kake gani yana yawo a intanet, wani Bajamushe ne, Konrad Miller, ya harhaɗa guntayen nan a shekarun 1920. Rubuce-rubucen hannun da suka iso gare mu ma kwafe ne da aka yi bayan rasuwar Idrisi da fiye da shekara 100. Ka ga tun kafin mu zo kan kogin, abin ya bi hannu da yawa.

To daga ina ya samo labarin ƙasashen kudu da Sahara? Daga littattafan magabata da bakin fatake. Wannan ya ce ya ga ƙaton kogi a ƙasar Takrur yana gangarawa yamma zuwa teku, gaskiya ya faɗa, kogin Sanagal ya gani. Wancan ya ce ya ga ƙaton kogi a Kawkaw, wato Gawo, da kada da dorina, yana cika yana batsewa kamar na Masar, shi ma gaskiya ya faɗa, kogin Neja ya gani. Malami na zaune a Falarmo da labarai biyu a hannu, ga kuma abin da ya gada daga Baɗalimusa na Iskandariyya, masanin labarin ƙasa na zamanin Rumawa, cewa Nilu daga Duwatsun Wata yake fitowa. Sai ya ɗinke su ya zama kogi ɗaya. Kada ka ga wautarsa: Ibn Baɗuɗa da ya taka ƙasar Mali da ƙafarsa a 1352 shi ma Nilu ya kira Neja. Turawa kuwa sai 1796 da Mungo Park ya tsaya a Segu suka tabbatar gabas yake gudu, alhali masuntan da ke bakinsa ba su taɓa shakkar inda ya nufa ba.

Tun daga nan na fara yi wa taswira irin tambayar da ake yi wa ruwaya: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shi wancan ya gani da ido ko shi ma ji ya yi? Taswira tana da isnadi. Za ka tarar takarda ɗaya wani gefenta ingantacce ne, wani gefen mai rauni, wani kuma cike gurbi kawai aka yi don kada fatar da aka yi zanen a kanta ta zauna fili.

Ɗauki taswirar Katalan ta 1375, wadda aka yi a tsibirin Mayorka, ake jingina ta ga Abraham Cresques, Bayahude mai sana'ar taswira. Kowa ya san hoton Mansa Musa da ke cikinta, yana zaune da kambi a ka da curin zinariya a hannu. Na yi shekaru hoton kaɗai nake kallo. Ranar da na natsu na bi gaɓar Bahar Rum da yatsa, tashar ruwa bayan tashar ruwa, sai na ga ta kusan dacewa da taswirar yau, saboda wannan ɓangaren daga matuƙa jiragen ruwa aka karɓo shi, mutanen da kuskure kaɗan zai iya halaka su. Ka gangaro cikin Sahara kuma, sunayen na nan: Tagaza ta gishiri, Tambutu da aka rubuta Tenbuch, Gawo, birnin Mali. Sunayen zango ne na ayari, a jere yadda madugu zai lissafa maka su, amma nisan da ke tsakaninsu ba abin aunawa ba ne. Shi kuma sarkin, an yi masa kambi da sanda irin na sarakunan Turai, domin mai zanen bai taɓa ganinsa ba. Abin da hoton ke tabbatarwa shi ne, shekara 51 bayan hajjinsa na 1324, labarin zinariyar da aka kashe a Alƙahira yana nan yana yawo a kasuwannin Bahar Rum. Wannan hujja ce babba, amma hujja ce kan abin da aka ji.

Wasu kuma tun asali ba don tafiya aka yi su ba. Wadda ke cocin Hereford a Ingila, ta wajen 1300, a fatar ɗan maraƙi guda ɗaya, Ƙudus ce a tsakiyarta, Aljannar Adamu a can sama, Bahar Maliya an shafe ta da jan launi. Wa'azi ne a zane. Har sunan Afirka aka rubuta a kan Turai, na Turai a kan Afirka. In ka nemi hanya da ita, kai ka so ɓata. Akwai kuma ta Peutinger da ke Biyana ta Ostiriya, kwafen ƙarni na 13 na taswirar hanyoyin Rumawa, tsawonta ya kusa mita 7, faɗinta bai wuce santimita 34 ba. A cikinta ga Pompeii da aman wuta ya binne a shekara ta 79, ga kuma Ƙusɗanɗiniyya da ba ta samu wannan suna ba sai a ƙarni na 4. Garuruwan da ba su taɓa rayuwa tare ba suna zaune a fata ɗaya, saboda kowane mai kwafa yana ƙara nasa, ba ya goge na wanda ya gabace shi.

Shi ya sa ban yarda mutum ya so taswira ya ƙi kufai ba. Ni kaina taswirar Vinland ta taɓa cin kasuwata. An fito da ita a 1965 a matsayin zanen ƙarni na 15 da ya nuna gaɓar Amurka tun kafin Kolombos, na yi ta nuna wa mutane ita ina kumfar baki. A 2021 Jami'ar Yale da ke ajiye da ita ta sanar cewa jabu ce, tawadarta na ɗauke da wani sinadarin titaniyam da ba a fara sa shi a tawada ba sai shekarun 1920. Abin mamakin, labarin da ta zo da shi gaskiya ne, sai dai ba ita ta tabbatar da shi ba. Tun 1960 Helge Ingstad ya gano kufan mutanen arewacin Turai a L'Anse aux Meadows da ke Kanada, shi da matarsa Anne Stine suka yi ta tono, aka samu tushen gidaje da wurin ƙira. Daga baya aka ƙirga zoben itacen da aka sare a wurin da ƙarfe, ya faɗa kan shekarar 1021 daidai. Gani ya kori ji.

Wani lokacin ma ƙasa takan faɗi abin da babu taswirar da ta ambata. Da Roderick da Susan McIntosh suka fara tono a Jenne-jeno ta ƙasar Mali a 1977, tsingaro da kashin ƙira da sauran tarkacen da suka fito sun nuna an zauna a wurin tun wajen shekara 250 kafin Miladiyya, ya kuma zama gari babba tun kafin fataken Larabawa su fara ƙetaro Sahara. Wanda ya dogara da rubutu kaɗai zai ɗauka birane sun fara ne ranar da baƙo ya zo ya rubuta su. Kumbi Saleh a Muritaniya kuwa akasin haka ne. Al-Bakri, malamin Andalus, a 1068 ya ce babban birnin tsohuwar daular Gana garuruwa biyu ne, na Musulmi mai masallatai 12, da na sarki a nisan mil shida. A Kumbi Saleh an tono garin dutse da masallacinsa, amma garin sarkin har yau ba a kama shi ba, shi ya sa masana ke ta jayayya ko nan ne birnin da ya nufa.

Wani ɗan kashedi, tunda ka shigo wannan harka: ba da daɗewa ba wani zai turo maka taswirar Piri Reis ta 1513, ya ce ta nuna nahiyar ƙanƙara ta kudu tun kafin a gano ta. Shi Piri Reis, Baturken da ya zana ta, da kansa ya rubuta a jikin fatar cewa daga taswirori kusan 20 ya harhaɗa tasa, har da ta Kolombos da na mutanen Fotugal. Ka karanta abin da mai abu ya faɗa kafin na masu bidiyo.

In kana son farawa, kada ka ɗauki duniya gaba ɗaya kamar yadda na yi na ɓata shekara biyu. Taswirar Katalan tana ɗakin karatu na ƙasa na Faransa, sun sa ta kyauta a shafinsu na Gallica, za ka iya faɗaɗa ta har ka ga tabon fatar. Ka ɗauki gefen Sahara kaɗai, ka rubuta kowane suna a littafi, ka buɗe taswirar yau a gefe, sannan ka karanta tafiyar Ibn Baɗuɗa daga Sijilmasa zuwa Tagaza zuwa Walata, ka ga wane zango ya shiga fatar, wanne aka bari. In ka maƙale a kan wani suna, turo hotonsa nan mu duba tare, don rubutun nasu yana da wuyar sha'ani a farko.